Notuna Huɗu Da Lissafin Om: Yadda Ake Ɗora Sabuwar Lasifika A Akwatin Jita

A duk inda ake kaɗa jitar lantarki a Abuja, walau a majami'un Garki da Kubwa ranar Lahadi, ko a lambunan shaƙatawa na Wuse da daddare, ko a wurin walimar sallamar wani darakta da ya yi ritaya, idon jama'a kan makaɗi yake da yatsunsa. Da wuya ka ga wanda ya waiwayi baƙin akwatin nan da ke girke a bayansa. Alhali kuwa duk amon da ya isa kunnen mai sauraro, daga cikin akwatin ya fito. Jitar lantarki ita kaɗai, in ba a jona ta ba, ko na bakin ƙofa ba zai ji ta sosai ba. Amfilifaya ce ke ƙara mata ƙarfi, amma ita ma ba ta da baki. Bakin shi ne lasifika, wato faifan takarda mai siffar mazurari da ke ɗaure a jikin katako.

Takarda kuwa tana tsufa, gam yana saki, wayar ciki tana ƙonewa. Ranar da akwati ya fara ƙugi kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani, zaɓi biyu ne a gaban mai shi: ko ya sayi sabon akwati ɗungurungum, ko ya cire tsofaffin lasifikokin ya ɗora sababbi. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa ragamar farashin naira, kayan kiɗan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, don haka da yawa suka karkata ga zaɓi na biyu. Suna da hujja. Akwatin da aka yi da katako mai kyau yakan ga jikokin mai shi; abin da ke cikinsa ne ke mutuwa.

A ido, aikin ba shi da wuya: notuna huɗu a kowace lasifika, sai wayoyi biyu. To, a cikin sauƙin nan tarkon yake. A wajen ɗaure notunan ake lalata sabuwar lasifika tun ba ta yi waƙa ɗaya ba, a wajen jona wayoyin kuma ake ƙona amfilifayar da kuɗinta ya ninka na lasifikar sau da dama. Wanda zai yi aikin da hannunsa, da wanda zai sa hannu a takardar biyan mai gyara a madadin ofis ko majami'a ko ƙungiyar ma'aikata, kowannensu yana bukatar ya san inda ramin yake.

Abin da ke bayan yadin

In aka yaye yadin da ke fuskar akwatin, abin da za a gani bai canja sosai ba tun 1925, shekarar da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana fasalin lasifikar da duniya ke amfani da ita har yau. Akwai kwandon ƙarfe da ke riƙe da komai. A bayansa akwai maganaɗisu mai nauyi, a gabansa faifan takarda. A gindin faifan an liƙa wani ɗan bututu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda masu gyara ke kira koyil, kuma yana rataye ne a cikin wata siririyar rata da ke tsakiyar maganaɗisun. In lantarki ya bi ta cikin koyil, sai maganaɗisu ya tura shi gaba ko ya ja shi baya, shi kuma ya motsa takarda, takarda ta bugi iska, iska ta bugi kunne.

Tazarar da ke tsakanin koyil da bangon ratar ba ta kai milimita ɗaya ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin kusan duk ƙa'idojin ɗaure noti da za su zo nan gaba, saboda ita aka kafa su.

Lasifikar jita kuma daban take da ta mota ko ta ɗakin taro. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, lasifikar jita kuwa an yi ta ne ta fara daga wajen nan, ta kuma dakushe duk sautin da ya haura kimanin 5,000. Da gangan aka yi haka, domin dakushewar ce ke tace kaushin da amfilifaya ke fitarwa in an ƙure ta, ya koma daɗi a kunne. Wanda ya ɗauko lasifikar ɗakin taro ya ɗora a akwatin jita don araha, zai samu ƙara, amma mai kartar kunne kamar ana goga ƙarfe a kan kwano.

Shi ma akwatin ba ado ba ne. Duk lokacin da takarda ta tura iska ta gaba, tana zuƙe ta ne ta baya. In babu katako a tsakani, sai iskar gaba ta zagayo ta cike gurbin baya, amon ƙasa-ƙasa ya ɓace. Allon da ake ɗaure lasifika a jikinsa shi ne katangar da ke raba su. Akwai akwati mai buɗaɗɗen baya, irin na yawancin amfilifayoyin Fender, wanda ke baza sauti ko'ina cikin ɗaki. Akwai kuma mai rufaffen baya, irin na Marshall, wanda ke harba sauti gaba da nauyi a ƙirji.

Yadda aka kai ga huɗu

Akwatin nan mai lasifika huɗu masu faɗin inci 12, wanda ake gani a manyan dandamali, matsala ce ta haife shi. A 1962 wani mai sayar da ganguna a unguwar Hanwell ta yammacin Landan, Jim Marshall, ya fara ƙera amfilifayar jita bisa fasalin Fender Bassman ta Amurka. Lasifikokin da ke hannunsa na kamfanin Celestion ne, wanda aka kafa a Ingila tun 1924, kuma kowacce ƙarfin da take ɗauka bai wuce wat 15 ba. Guda biyu ba sa jure wa amfilifayar in makaɗa suka ƙure ta. Mafitar ita ce a tara huɗu a akwati ɗaya mai rufaffen baya, su raba kayan a tsakaninsu.

A 1965, Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi abin da ya fi haka ƙara, aka yi masa akwati mai lasifika takwas. Masu dakon kayansa suka kasa da nauyinsa, sai aka raba shi gida biyu, ana ɗora ɗaya kan ɗaya. Ko a yau, rabin nan guda ɗaya ya haura kilo 35. Darasin da ke cikin labarin shi ne, tun fil azal yawan lasifika da yadda ake jona su ba kwalliya ba ce, lissafi ne na rabon kaya. Lissafin nan kuwa shi ne abu na farko da za a warware tun kafin a je kasuwa.

Lissafin om

Om ma'auni ne na irin turjiyar da lasifika ke yi wa lantarki. A bayan kowace lasifikar jita za a ga an rubuta 4, ko 8, ko 16. A bayan amfilifaya ma, kusa da ramin jona akwati, akwai irin wannan lamba. Ƙa'idar guda ce: jimillar om ɗin akwati ta yi daidai da abin da amfilifaya ke nema.

Jimillar kuwa ta danganta ne da yadda aka jona. Hanya ta farko ita ce jerin gwano, inda lantarki ke fita daga lasifika ta farko ya shiga ta biyu. A nan tara lambobin ake yi, wato 8 da 8 sun zama 16. Hanya ta biyu ita ce kafaɗa da kafaɗa, inda kowace lasifika ke ɗiba kai tsaye daga tushe ɗaya. A nan rabawa ake yi, wato 8 da 8 sun zama 4, 16 da 16 kuma sun zama 8. A akwati mai huɗu ana iya gwama hanyoyin: a jera bibbiyu jerin gwano, sannan a haɗa layukan biyu kafaɗa da kafaɗa, sai jimillar ta koma daidai da ta lasifika ɗaya. Ke nan huɗu masu om 16 suna iya ba da 16 ta wannan hanya, ko su ba da 4 in aka jona su duka kafaɗa da kafaɗa. Lasifikoki iri ɗaya, akwati ɗaya, amma bambancin ninki huɗu, kuma ido ba ya ganinsa daga waje.

Abin da kuskure ke jawowa ya danganta da irin amfilifayar. Ta zamani mai taransisto ba ta damu ba in om ɗin ya yi yawa, ƙarfinta ne kawai zai ragu. Amma in ya gaza abin da aka rubuta mata, misali aka ba ta 4 alhali mafi ƙarancinta 8 ne, sai ta ja lantarkin da ya fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta kashe kanta ko ta ƙone.

Amfilifaya mai bawul, wato mai kwalaben gilashin nan da ke yin ja in sun yi zafi, ita kuma akasin haka take, kuma ita ce mai tsada. Tsakaninta da lasifika akwai taransifoma. In aka kunna ta ana kaɗawa babu akwati a jone, ko waya ɗaya ta zame a cikin akwatin, ƙarfin da ya taru a taransifomar ba shi da wurin sauka. Kamar ɗan dambe ne ya kai naushi da iyakar ƙarfinsa ya tarar da iska: kafaɗarsa ce za ta goce. Ƙarfin kan dawo ya huda rufin wayoyin taransifomar, ita kuwa tana cikin sassa mafi tsada a jikin amfilifaya, kuma samun irinta ta asali a nan gida sai an sha wuya. Wayar da ba a matse da kyau ba, wadda ba ta kai kuɗin ruwan leda ba, ta isa ta jawo wannan asara.

Gwama lasifikoki masu om daban-daban ma ba dabara ba ce. In aka haɗa mai 8 da mai 16 kafaɗa da kafaɗa, jimillar za ta zama 5 da ɗoriya, lambar da yawancin amfilifayoyi ba a yi su dominta ba, sannan mai 8 ɗin za ta ɗauki kashi biyu cikin uku na kayan ita kaɗai.

Wat da ƙarar sauti

Lamba ta biyu ita ce wat, wato iyakar ƙarfin da lasifika za ta jure kafin koyil ɗinta ya ƙone, domin mafi yawan lantarkin da ke shiga cikinta zafi yake zama, kaɗan ne ke zama sauti. In lasifikokin iri ɗaya ne, lissafin a fili yake: huɗu masu wat 75 sun ba da 300. In kuwa an gwama, mai rauni ce ke yanke hukunci. A ɗauki biyu daga cikin sanannun lasifikokin Celestion, Greenback mai wat 25 da Vintage 30 da ta fito a 1986, wadda duk da sunanta wat 60 take ɗauka. In aka haɗa su a akwati ɗaya, rabon kayan daidai wa daida za a yi musu, saboda haka akwatin wat 50 ne, ba 85 ba. Amfilifayoyi masu bawul kuma sukan wuce lambar da aka rubuta musu in an ƙure su, don haka mai hikima yakan bar rara mai kauri.

Yawan wat ba shi ne yawan ƙara ba, kuma a nan 'yan kasuwa kan ruɗi mai saye. Ƙara tana tafiya ne da wata lamba ta uku da ake aunawa da desibel, yawanci tsakanin 95 da 100 a lasifikokin jita. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya. Lasifika mai 100 a kan amfilifaya mai wat 25 za ta yi kafaɗa da mai 97 a kan amfilifaya mai wat 50. Ƙungiyar da ke kukan ganguna na danne mata jita, sau da yawa ba sabuwar amfilifaya take bukata ba.

Kafin a taɓa noti

A zare komai daga wuta. In amfilifaya da lasifika a akwati ɗaya suke, a kiyaye da cikin sashen lantarkin: a mai bawul akwai ma'ajiyar caji da ke riƙe fiye da bolt 400, kuma tana iya riƙe shi ko bayan an kashe. Canja lasifika ba ya bukatar sa hannu a wannan sashe, kada a sa.

Sannan a ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a cire ko ɗaya. Hoton shi ne shaida in kai ya ɗaure daga baya.

Sai awo. Inci 12 suna ne kawai, ba duka masu sunan ne ke shiga rami ɗaya ba. Lasifikar Celestion ta inci 12 tana son rami mai faɗin milimita 283, ramukan notunanta kuma suna kan da'irar milimita 297. Ta wani kamfanin kan ɗan saɓa. A duba zurfi ma, domin maganaɗisun wata sabuwar yana iya tokarar taransifoma ko bawul a ƙaramin akwati. In dole sai an huda sabon rami a katako, a aza lasifikar a yi alama da fensir, a ɗauke ta a kai ta wani ɗaki, a huda, a share tas, sannan a dawo da ita. Garin katako, balle ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisu ke zuƙa, in ya shiga ratar nan ta koyil, ba ya fita.

Akwai akwatin da ake ɗora masa lasifika ta baya, akwai wanda ake ɗora masa ta gaba. Ko wanne ne, a kwantar da shi a kan bargo ta yadda lasifikar za ta zauna da nauyinta a kan allon. Vintage 30 guda ɗaya ta kusa kilo 5, kuma kusan duk nauyin a maganaɗisu yake. Riƙe ta a tsaye da hannu ɗaya ana laluben noti da ɗayan, neman tsautsayi ne. A tabbatar kuma akwai zoben kwali ko soso a gefen da zai haɗu da katako, domin shi ke toshe iska ya kuma hana ƙarfe kaɗawa a jikin allo. Wasu tsofaffin akwatunan, musamman na Fender, suna da ƙarafa masu zare a tsaye a jikin allon. A irin waɗannan, a sauke lasifikar a hankali, ana kallon kowane tsini, domin kuskuren rabin inci zai huda takardar.

Ɗaurin da kansa

Kwandon yawancin lasifikokin jita ƙarfe ne marar kauri da aka buga a inji. Allon katako kuwa, komai kyansa, ba ya rasa ɗan tudu da kwari. In aka ɗaure noti ɗaya tamau kafin a sa sauran, kwandon zai karkace ya bi katakon. Karkacewar ba ta ganuwa, amma ta isa ta gusar da koyil daga tsakiyar ratarsa ya fara gogar bango. Sakamakon shi ne wani kartar-kartar da ke bin bayan kowane amo, musamman in sautin yana mutuwa, daga bisani kuma rufin wayar ya goge, koyil ya ƙone. Sai a ɗora wa ɗan kasuwa laifin sayar da jabu, alhali sukundireba ce ta yi ɓarnar.

Hanyar da ta dace ita ce irin wadda mai faci ke bi wajen ɗaure tayar mota. A sa duka notunan da yatsu, kowanne ya kama zarensa ba tare da an matse ba. Sannan a bi su gicciye: na gabas, sai na yamma, na kudu, sai na arewa, kowanne juyi kaɗan, a sake zagayowa. Da zarar zoben kwalin ya ɗan lotsa, lasifika kuma ta daina motsi, a tsaya. Ba a sa injin ɗaure noti a wannan aiki, hannu ne ke jin inda ya isa. In akwatin yana da mazaunin noti na ƙarfe mai haƙora da aka kafa a ɗaya gefen katakon, kada a danna notin da ƙarfi wajen sawa, domin mazaunin zai fice ya faɗa ciki.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kowanne saurin aukuwa. Maganaɗisu yana jan sukundireba, in kuwa ta zame, takarda ce a gabanta. Masu gwaninta sukan kewaye bakinta da yatsun ɗaya hannun, ta yadda ko ta zame, a tafin hannu za ta tsaya. Gaskiya ne a 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya tsaga takardar lasifikarsa da reza da gangan, ya samu kaushin sautin da ya shahara da shi. Amma shi ya zaɓa, kuma ƙaramar amfilifaya ce mai araha.

Bayan ɗauri, a baza yatsu a kewayen tsakiyar faifan, ba a kan ƙoƙon tsakiyar ba, a danna a hankali daidai wa daida. In ta shiga ta fito shiru, an dace. In an ji karta, a sassauta duka notunan a sake.

Wayoyi da gwajin batir

Kowace lasifika tana da kunnuwa biyu, ɗaya da alamar tarawa ko jan ɗigo. In aka juya wa ɗaya wayoyinta, ba abin da zai ƙone, amma yayin da 'yar'uwarta ke tura iska ita tana zuƙewa. Amon ƙasa ya tsiyaye, sautin ya koma siriri, mai shi ya yi ta murɗa maɓallai yana neman abin da ba zai samu ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A jona igiya a ramin akwatin, a ɗauki batir mai bolt 9, a taɓa kansa mai alamar tarawa a tsinin filogi, ɗayan kuma a jikinsa, taɓawa ɗaya a ɗauke. Duka faifan su yi tsalle wuri guda, yawanci waje. Wadda ta shige ciki alhali sauran sun fito, a juya mata wayoyi. Wadda ba ta motsa ba, ba a jone take ba.

Daga nan sai mita. Abin da mita ke nunawa kullum yana ƙasa kaɗan da lambar da aka rubuta: akwati mai om 16 zai nuna wajen 12 zuwa 14, mai 8 wajen 6 zuwa 7, mai 4 kuma wajen 3. In ana tsammanin 16 aka ga 3, an yi kuskuren jona, kuma gara a gano yanzu da amfilifaya ta gano.

Wayar ciki ta zama ta tagulla mai kaurin kirki. In da maƙalai na ƙarfe ake jonawa, su kama gam, har sai an ja da ƙarfi kafin su fita. In da dalma ake liƙewa, a rufe takardar da tsumma don ɗigon dalma yana huda ta, kuma kada a daɗe da wuta a kunnen lasifika. A ɗaure wayoyin su nisanci faifan, domin wayar da ke lilo tana taɓa takarda ita ma ƙugi take jawowa. A waje kuma, igiyar da ke haɗa amfilifaya da akwati ba ita ce ta jita ba, ko da yake kawunansu iri ɗaya ne. Ta jita siririya ce a ciki, ba a yi ta don ɗaukar ƙarfi ba. Tana iya zafi ta tsinke a tsakiyar wasa, ta bar amfilifaya mai bawul tana naushin iska.

Kunnawar farko a yi ta ƙasa-ƙasa. Sabuwar lasifika takan zo da tauri, sai ta yi wasu sa'o'i masu dama tana aiki kafin takarda da gefenta su saki, muryarta ta faɗa. Kada a yanke mata hukunci a ranar farko. In an ji wata ƙara, a duba mariƙin akwati da notunan murfin baya kafin a zargi lasifikar.

Yanayinmu da nasu

An ƙera waɗannan kaya ne a ƙasashen da ba su san hunturunmu ba. A Abuja katako yana shan laima tun daga Afrilu har Oktoba ya kumbura, sannan iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke. Notin da aka ɗaure daidai a watan Agusta yana iya yin sako-sako a Janairu. Hanya ma tana da nata rabon. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, inda jitar lantarki ta zama kiɗan biki, wadda kuma makaɗa irin su Bombino suka kai amonta duniya, a fili ake wasa, cikin rairayi, da wutar janareta, kuma a bayan mota ake jigilar kayan. Akwatin ƙungiyar da ke zirga-zirga tsakanin Nyanya da Gwagwalada ma jijjigar da yake sha ba kaɗan ba ce. Maganin ɗaya ne: a sa washa mai hana kwancewa, a kuma riƙa bin notunan sau biyu a shekara, farkon damina da tsakiyar hunturu, da hannu mai sauƙi irin na ranar farko.

In kafinta ne zai yi sabon allo, ya yi shi da katakon falle-falle mai nagarta. Allon garin katako da aka matse da gam yana kumbura in ya sha laima, kuma ƙusa mai murɗi ba ta daɗewa a jikinsa. A ɗaga akwati daga ƙasa a ɗakin ajiya, a kuma lulluɓe shi, domin ɓera da kyankyaso ba su san bambancin takardar lasifika da tsohuwar jarida ba.

Ga mai biyan kuɗi

Wanda aka ɗora wa alhakin kula da kayan, ko da bai taɓa riƙe jita ba, yana da abubuwa huɗu da zai nema kafin ya saki kuɗi. Ya ga sababbin lasifikokin a kwalinsu kafin a ɗora, ya gwada lambar om da wat da ke jikinsu da abin da ke rubuce a rasit. Ya sa a yi gwajin batir a gabansa. Ya sa a nuna masa mita, ya kwatanta da lambar da ke bayan amfilifaya. Sannan ya karɓi tsofaffin.

Na ƙarshen nan ne aka fi sakaci da shi. Lasifikar da ta ƙone ba shara ba ce: kwando da maganaɗisunta suna nan lafiya, ana iya sa mata sabuwar takarda da sabon koyil ta dawo aiki. Wasu tsofaffin ma, irin Celestion da Jensen na shekarun 1960 da kan ɓullo a cikin akwatunan gwanjo, masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna sayensu fiye da kuɗin sababbi. Kayan hukuma ko na jama'a da aka cire, a rubuta su a littafin ajiya kamar yadda aka rubuta waɗanda aka sa.

Dukan aikin, ga wanda ya shirya, bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, kuma kayan aikinsa sukundireba ce da batir da mita. Abin da ya fi su tsada shi ne haƙurin tsayawa a lissafa kafin a saya, a auna kafin a huda, a gwada kafin a kunna. Hausawa sun ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, a wannan sana'a kuwa har farashi gare ta: kuɗin taransifoma ɗaya, da watannin jiran isowarta daga ƙetare.